Ranar da Sunan Alhaji Mikail Ya Koma Zare

Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu a Zaitawa ya san Zaharaddeen, in bai gan shi ba ma ya ji muryarsa. Ni Abdulmalik tela, shagona yana kallon zauren gidan kawunsa Alhaji Mikail, saboda haka shekara uku ke nan ina taka keke ina shan surutunsa ba don ina so ba. A zauren ya kafa tebur da kwamfuta da injin buga takarda, yana yi wa mutane katin ɗaurin aure da sanarwar walima. Amma kada ka kuskura ka kira shi mai buga kati.

"Dizaina, mai tsara zane," zai ce maka, yana ɗaga yatsa sama. "Ni likitan haruffa ne. Harafi in ya gan ni, gyara tsayuwa yake yi."

Zauren kuwa ba nasa ba ne. Alhaji ya bar masa shi ne albarkacin mahaifiyarsa, wadda ƙanwar Alhajin ce. In ka cire zauren nan, likitan haruffa ba shi da inda zai ajiye ko kujerar roba.

Ana nan sai wata ƙaramar tashar talabijin ta shirya bikin karrama masu sana'ar hannu na cikin birni: marina, maƙera, dukawa, masu ɗinkin hula. Za a nuna bikin kai tsaye, kuma duk wanda aka kira ya karɓi lambar yabo, sunansa zai fito a rubuce a ƙasan allo. Alhaji Mikail yana cikin waɗanda za a karrama. Shi a karofin Ƙofar Mata ya tashi, amma ya daɗe da wanke hannu daga ruwan baba na rini, ya zama dillalin rinannun turame. Da ya ji tashar tana neman wanda zai tsara rubutun sunayen, sai ya tura musu ɗan ƙanwarsa.

Ina jin su daga shago ranar da ya gindaya masa sharaɗi.

"Sunana nake so ya fi na kowa fitowa," in ji Alhaji. "Musamman na Lawal."

Alhaji Lawal na Goron Dutse abokin gabarsa ne tun suna samari a karofi, kuma shi ma za a karrama shi.

"Kawu, ka kwantar da hankalinka. Ranar nan ko makaho ya wuce gaban talabijin sai ya ji ɗumin sunanka."

"Ni dai na faɗa maka. In ka kunyata ni, ka nemi wani zauren."

Zaharaddeen ya yi dariya har da buga tebur. Ni dai ban ga abin dariya ba, don na san Alhaji ba ya maimaita magana.

Kwana huɗu yana rufe a zaure yana ƙirƙiro nasa salon haruffan, don a cewarsa duk salon da ke cikin kwamfuta na talakawa ne. Rana ta biyar ya leƙo ya ƙwala mini kira, wai in zo in ga tarihi. Na tarar da wasu abubuwa masu ruwan gwal a allon, kowanne da jela, jelar ma da tata jelar.

"Karanta," ya ce.

Na duƙa, na karkata kai dama, na karkata hagu. "Larabci ne ko boko?"

"Haba Malam Abdulmalik! Sunanka ne fa."

"To wannan da ya naɗe kamar macijin roba fa?"

"Shi ne harafin farko. Sunan salon Zaharaddeen Gwal. Turawa ma sai sun zo sun roƙa."

Daidai nan Iya Hajo ta zo wucewa da ƙunshin yadi a ka. Tsohuwa ce da ta fi shekara hamsin tana ƙulla wa marina zane da zare kafin a tsoma shi a baba, kuma duk wani ado mai kyau da ka gani a rinin Ƙofar Mata, da wuya in ba hannunta ba ne. Ita ma tana cikin waɗanda za a karrama. Zaharaddeen ya tare ta, wai ta ba da shaida.

Ta leƙa, ta daɗe tana kallo. "Ni ban yi boko ba, ɗan nan. Amma wa ya zubar maka da taliya a kan na'ura?"

"Iya, fasaha ce."

"To a kwashe ta kafin ƙuda ya taru."

Washegari Malama Uwani, mai shirya shirin a tashar, ta zo duba aiki. Mace ce mai saurin magana, ba ta zama in ta zo wuri. Kallo ɗaya ta yi wa Zaharaddeen Gwal ta ce a'a.

"Malam Zaharaddeen, mai kallonmu tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago kai, daƙiƙa biyar gare ta ta karanta suna. Ina son haruffa masu kauri, farare, marasa kwalliya."

"Wato irin na katin asibiti."

"Katin asibiti ana karanta shi."

"Malama, da ganin ki ba ki san font ba, wato salon haruffa."

"Ban san shi ba, amma na san masu kallona."

Suka yi ta ja har na gama kafa wuyan riga biyu. A ƙarshe ya yarda ya yanke jelolin, ita kuma ta haƙura da ruwan gwal da sirantar haruffan don ta gaji. Abu ɗaya ta kafe a kai: akwai dogon akwati a ƙasan allo, kowane suna a cikinsa zai zauna, layi ɗaya tak. Tana fita ya leƙo ya ce mini ya koya mata aiki.

Da a nan abin ya tsaya, da an rabu lafiya. Amma ka san mutanenmu da laƙabi. Mutum ya yarda ka taka masa ƙafa, bai yarda ka tsallake masa Alhaji ba. Labari ya bazu cewa sunaye za su fito a talabijin kuma a zauren Zaharaddeen ake rubuta su, sai zaure ya koma kamar ofishin rajista. Wannan ya zo a ƙara masa Shugaba, wancan ya zo a ƙara masa Mataimakin Shugaba Na Ɗaya. Wani maƙeri ya dawo har sau biyu don ya tuna ya taɓa riƙe ma'ajin ƙungiya.

Shi kuwa gogan ba ya cewa a'a. "Kawo, kawo! Kwamfutata ba ta cika."

Alhaji Lawal ya aiko da takarda: Alhaji Lawal Goron Dutse, Shugaban Dillalan Rini, Majidaɗin Marina. Zaharaddeen bai ko ninke takardar ba ya ruga cikin gida ya nuna wa kawunsa.

"Biyu gare shi?" in ji Alhaji Mikail. "Sa mini Garkuwan Marina, da Uban Ƙungiyar Dillalan Turame, da Jagoran Matasan Cikin Birni."

Matasan dai ban san ranar da suka zaɓe shi ba. Kwana biyu sai ga sabuwar takarda daga Goron Dutse, an ƙara uku. Yadda Alhaji Lawal ya san abin da ke cikin kwamfutar Zaitawa ba wani abin mamaki ba ne, tunda mai kwamfutar da bakinsa yake shelar komai a wurin mai shayi. Alhaji Mikail ya shiga ɗaki ya fito da wata takardar shaida da aka taɓa ba shi a wani taro a otal, ya ce a sa Dakta. Zaharaddeen da kansa ya ƙirƙiro masa Jakadan Shuni na Afirka ta Yamma, saboda ya taɓa kai kaya Agadas. Da laƙabi ya ƙare musu, suka zauna suna tunani har Alhaji ya tuna ya taɓa tsayawa zaɓe.

"Amma Kawu, ai ba ka ci ba."

"Na tsaya ko ban tsaya ba?"

Aka rubuta Tsohon Ɗan Takarar Kansila.

Iya Hajo ce kaɗai ba ta zo ba, sai da Zaharaddeen ya aika aka kira ta.

"Iya, me za a rubuta miki?"

"Hajo."

"Hajo me?"

"Hajo kawai. Akwai wata ne?"

"Ko Hajiya ba za a sa ba?"

"Ban je ba, ɗan nan. In na je zan aiko maka."

"Iya, za ki ɓace fa a cikin manya. Harafi huɗu! Kafin a ƙifta ido an wuce ki."

"Wanda ya san ni ya san ni," ta ce, ta ɗauki ƙunshinta ta yi gaba.

Ana jibi biki Malama Uwani ta sake dirowa, ranta a ɓace. Ta ce sunan Alhaji Mikail ya fita daga akwatin, ya fita daga allon, in da hanya ma da ya kai Ƙofar Na'isa. Ko dai a rage laƙabi, ko a zo tasha gobe a yi gwaji a gani.

"A rage?" Zaharaddeen ya dafe ƙirji. "So kike a kore ni daga zaure? Kuma gwaji ai na 'yan koyo ne."

Nan ya nuna mata wani maɓalli da ya gano, wanda in an danna shi, kowane suna zai daidaita kansa ya cika akwatin cif, ba ragi ba ƙari. Don ta gani da idonta, ya rubuta suna ya danna. Sunan ya zauna daram, gwanin kyau. Sunan da ya gwada da shi kuwa nasa ne, Zaharaddeen, don shi a duniya ba ya ganin akwai wani sunan da ya cancanci gwaji. Wayarta ta yi ƙara, ana nemanta a tasha, ta tafi tana waiwaye. Kafin ta fita ma sai da ya sa ta yarda cewa mai gabatarwa ba ya bukatar takarda, daga allo zai riƙa karanto sunaye kamar yadda ake yi a ƙasashen waje.

Ranar biki bayan la'asar zauren taro ya cika maƙil. Ni ma na samu kujera, don ni na ɗinka babbar rigar da Alhaji Mikail ya saka. A gida kuwa Alhaji ya sa an fito da talabijin ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, duk layin ya hallara. A bayan dandamali an kafa wani ƙaton allo mai nuna abin da mutanen gida suke gani. Zaharaddeen yana gefe a kan tebur, ya sha kwat a cikin zafin nan, yana ɗaga wa mutanen da ba su gaishe shi ba hannu.

Aka fara da mata. Iya Hajo ta hau dandamali a hankali, Zaharaddeen ya danna.

Jama'a, ban taɓa ganin suna irin wannan ba. Harafi huɗun nan suka buɗe, suka miƙe, suka cika akwatin daga wannan bango zuwa wancan. HAJO, kowane harafi ya kai tsayin ɗan akuya, yana walƙiya. Zaure ya ɗauki tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Iya ta waiga ta kalli allon, ta gyaɗa kai kamar dama haka ta yi tsammani.

Alhaji Mikail yana gabana a sahun farko. Na ji ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga wadda ba ta da laƙabi ko ɗaya ke nan. To ina ga ni?"

Daga nan abin ya fara sauka. Mai laƙabi ɗaya ya fito daidai misali. Mai biyu ya ɗan rame. Maƙerin nan tsohon ma'aji, sai da mai gabatarwa ya matsa kusa kafin ya karanto shi. Na saci kallon Zaharaddeen, na ga ya daina ɗaga hannu, ya kwance maɓallin wuya.

Da aka zo kan Alhaji Lawal, sunansa ya fito kamar jerin tururuwa. Mai gabatarwa ya karanta rabi, ya cinye rabi. Alhaji Mikail ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta goce.

"Lawal, ina sunan naka? Ko an bar shi a Goron Dutse?"

Alhaji Lawal ya karɓi lambarsa ya sauko. Ya zauna, ya harɗe hannu, yana jira. Shi ya riga ya gane lissafin da Alhaji Mikail bai gane ba.

Sai aka buga ganga, mai gabatarwa ya ce saura babbar lambar yabo ta yau, ya juya ga allo. Zaharaddeen ya rufe ido ya danna.

Wani siririn layi mai ruwan gwal ya bayyana a cikin akwatin. Ni tela ne, na san zare in na gan shi, kuma wallahi wannan zare ne. Ba harafi, ba tazara, ba komai. Matata ta ba ni labari daga baya cewa a ƙofar gida uwargidan Alhaji ta tashi ta goge talabijin da gefen mayafi, a zatonta gashi ne ya manne.

Mai gabatarwa ya matsa. Ya ƙara matsawa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya ari tabarau a wurin wani dattijo, ya saka, ya cire, ya mayar masa. Sannan ya juyo ga jama'a da makirufo a hannu.

"To jama'a, wanda ya san wannan nasa ne, ya taso."

Zaure ya fashe. Alhaji Lawal har da sauka daga kujera. Alhaji Mikail ya miƙe, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci, ya hau dandamali. Da ya zo daidai teburin Zaharaddeen ya rage murya, amma makirufo ya ɗauka, duk Kano ta ji.

"Ka ƙara masa girma. Ya kai na Hajo, ko ka kwana a titi."

Ya juya ya fuskanci kyamara, allon yana bayansa, ya riƙe lambar yabo ya ƙaƙalo murmushi.

Malama Uwani ta rugo. "Sauke shi daga allo tukuna, sannan ka gyara!"

"Ƙwararre ba ya sauke aiki," in ji Zaharaddeen, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Hanya ɗaya ce suna zai girma a akwatin nan, ita ce ya rage tsawo. Sai ya fara gogewa daga ƙarshe, a gaban zaure, a gaban duk mai talabijin. Laƙabin ƙarshe ya tafi, zaren ya ɗan yi kauri, har aka fara gane haruffa. Wani mai kaifin ido daga baya ya gane abin da ya tafi.

"Kansila ya sake faɗuwa!"

Aka kwashe da tafi. Alhaji, da yake bai ga abin da ke bayansa ba, ya ɗauka sunan ne ya fara fitowa. Ya faɗaɗa murmushi, ya yi wa Zaharaddeen alama da hannu: ƙara, ƙara.

Zaharaddeen ya ƙara.

"An dawo da Jakada gida!"

"Matasa sun tsige Jagora!"

"Ƙungiya ta zama marainiya!"

"Garkuwa ta faɗi!"

Kowane laƙabi ya tafi sai haruffa su ƙara ƙiba, jama'a su ƙara ihu, Alhaji ya ƙara ɗaga lambar yabo sama yana juya ta dama da hagu. Ni dai na sunkuyar da kai. Haushi nake ji, dariya kuma tana cina, ga tausayin rigar da na ɓata sati biyu ina yi wa aiki.

Saura Alhaji Dakta Mikail Isyaku Zaitawa. Ana karanta shi sarai, kuma da mai hankali ne da ya tsaya a nan. Amma Zaharaddeen ya kalli allo, ya ga har yanzu bai kai na Hajo ba. Ya goge Zaitawa. Ya goge Isyaku. Ya koma farko ya kama Dakta.

"An rufe asibiti!" in ji Alhaji Lawal da kansa, yana share hawaye.

Cikin gaggawa, garin goge Dakta, Zaharaddeen ya haɗa da Alhajin da ke gabansa. Sai ga shi, daga bango zuwa bango, da ruwan gwal, yana walƙiya: MIKAIL.

Zaure ya yi tsit. Shekara talatin rabon da wani mahaluƙi ya kira mutumin nan da gundarin sunansa, ko a bayan idonsa sai an waiga tukuna. Shirun ne ya sa Alhaji ya juya. Ya kalli allon, ya daɗe yana kallo, lambar yabo tana sauka a hankali har ta kai gwiwa.

Cikin shirun nan sai muryar Iya Hajo ta fito daga sahun mata, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Yo ai haka aka raɗa masa. Ina gidan ranar sunan."

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Tashar ta yanke ta saka tallan sabulu, amma a zaure ba wanda ya iya yanke komai. Na ga Malama Uwani ta zare wayar kwamfutar da hannunta, na ga kwat ɗin Zaharaddeen yana fita ta ƙofar baya da mai shi a ciki.

Washegari da hantsi ina buɗe shago sai ga Alhaji ya fito, cikin natsuwa, har ya amsa gaisuwata. Ya tsaya a bakin zaure. Zaharaddeen yana ciki ya takure a bayan kwamfuta.

"Ina da aiki," in ji Alhaji.

Gogan ya miƙe zumbur, fuska ta washe. "Kawu, faɗi! Dama na san za ka gane matsalar daga tasha take."

"Takarda ɗaya za ka buga mini, a manna a ƙofar nan. Ka rubuta: Zaharaddeen ya tashi."

Fara'ar Zaharaddeen ta ɗauke. Ya kalli tebur, ya kalli injin, ya kalli kawunsa. Na zaci haƙuri zai bayar, har na fara jin tausayinsa.

"Kawu, da wane salon kake so? Don akwai wani sabo da na..."

Alhaji ya sunkuya ya cire takalmi.

Kafin azahar an ɗaure kwamfuta da injin da kujerar roba a kan baro. Mai baro ya tambayi Zaharaddeen ina za a kai, ya ce a dai fara tafiya. Da suka zo daidai shagona ya tsaya, ya leƙo, ya rage murya.

"Malam Abdulmalik, tsakaninka da Allah. Jiya a duk zauren nan, sunan wa ya fi fitowa?"

Na buɗe baki in zage shi, sai ga wani mai kayan miya ya tsayar da kurarsa a ƙofar gidan, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, yana tambaya ko nan ne gidan Mikail.